Zane da Shuni: Kwana Biyar a Atina

Ina ɗan shekara 19 Malam, Allah ya jiƙansa, ya fara biya mana Sullamu na Akhdari, littafin mantiƙi, a zaurensa, ba nisa da marinar Ƙofar Mata. Ranar da bayani ya kai mu kan jauhari da arali, sai ya kama bakin rawaninsa ɗan Kura, ya miƙo mana, ya ce: "Wanda ya isa a cikinku ya ɗebo mini shuɗin nan shi kaɗai, ya bar mini ƙyallen." Wani daga cikinmu ya ce ai shuni na nan a marina tun kafin ya taɓa zane. Malam ya ce wancan curi ne, shi ma jiki ne, launin a jikinsa yake zaune. Duk inda ka ga shuɗi, wani abu ne yake goye da shi. Ƙyallen shi ne jauhari, launin shi ne arali, kuma wani Bagirke da ake kira Arisɗo ne ya fara tsara wannan magana. Daga nan ya wuce zuwa baiti na gaba, ni kuwa abin ya zauna mini a rai fiye da shekara 30.

Don haka da ɗan yayata, wanda ke karatun injiniyan jiragen ruwa a Firiyas, tashar jiragen Atina, babban birnin Girka, ya matsa sai na kai masa ziyara, ban yi dogon ja ba. Na ce masa zan zo, da sharaɗin zai kai ni wurare uku: inda Suƙuraɗ ya tsaya, inda almajirinsa Aflaɗon ya koyar, da inda Arisɗo, almajirin Aflaɗon, ya koyar. Ya ce, "Kawu, mutane Akrofolis suke zuwa gani." Na ce shi ma wannan tudu mai tsoffin ɗakunan bauta za mu hau, kuma mun hau, amma ba shi ne labarina ba.

Na sauka a ƙarshen watan Maris. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na 3 ya kawo mu daga filin jirgin sama har tsakiyar gari. Abin da ya fara tarbata da muka fito shi ne ƙamshin furen lemo, domin bishiyoyin lemo ne jere a bakin tituna, wasu har da 'ya'ya a kansu. Yaron ya gargaɗe ni kada in tsinka, ɗaci gare su. Muka sayi wani burodi mai kamar zobe wanda aka barbaɗe da riɗi, kuluri suke ce masa, muka ci a tsaye.

Washegari muka shiga tsohuwar kasuwar birnin, Agora. Mafi yawan baƙi kan nufi dogon ginin nan mai ginshiƙai da aka sake ginawa, ko su hau tudun ɗakin bautar Hefaistos. Abin da nake nema yana can gefen arewa, hayin layin dogon da ya ratsa kangon, a wani rami da ake leƙowa daga titin Adriyanu. Ƙaramin harsashin gini ne, tsawonsa kamar mita 18, an tono shi a 1970. Rumfar Sarki ke nan, ofishin jami'in da ke kula da shari'un addini. A ƙofar wannan rumfa Aflaɗon ya ajiye hirar Suƙuraɗ da wani mutum mai suna Yutifron, a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Suƙuraɗ ya zo amsa ƙarar da ta kai shi ga shan guba. Yutifron ya ce abin tsarki shi ne abin da allolinsu ke so. Suƙuraɗ ya tambaye shi: suna son sa ne don yana da tsarki, ko kuwa yana da tsarki ne don suna son sa?

Na daɗe a jingine da ƙarfen shingen, jirgi yana wucewa ƙarƙashina kowane 'yan mintoci. Abin da ya kama ni shi ne, su biyun sun yarda cewa duk abin tsarki abin so ne, duk abin so kuma mai tsarki ne. Ko'ina tare ake ganinsu. Ba a tambayi wanne ya riga zuwa da safe, wanne ya biyo da yamma ba. Ana tambayar wanne ne ke tsaye a kan wanne. Duk wanda ya zauna a darasin tauhidi ya san irin wannan taƙaddama tsakanin Ash'arawa da Mu'utazilawa a kan kyawun aiki da muninsa, ko shari'a ce ta sa shi ko hankali na iya gano shi. Kalma ɗaya ce ke ɗauke da nauyin gardamar duka, ita ce "don".

Ranar Juma'a muka je masallacin Botanikos, wanda gwamnati ta gina aka buɗe a watan Nuwamba na 2020. Ba shi da hasumiya, in ba an nuna maka ba sai ka wuce shi. Mun yi sahu da 'yan Pakistan da Misirawa da 'yan Bangaladash. Da aka sallame muka taka zuwa unguwar da har yau sunanta Akadimiya Filatonos. Unguwar masu ƙaramin ƙarfi ce, garejin gyaran mota da ɗakunan ajiyar kaya sun yi mata yawa. Makarantar da Aflaɗon ya kafa wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) yanzu lambun shaƙatawa ce, babu mai karɓar kuɗin shiga. Tsofaffi na zaune a benci, yara na buga ƙwallo, wata mata na jan karenta a kan duwatsun da aka tono. A zamanin da, hanya ce ta taso daga ƙofar ganuwa ta Difilon, kimanin kilomita ɗaya da rabi, kaburburan manyan gari a dama da hagu, har ta iso wannan kurmin zaitun.

A nan Arisɗo ya iso yana ɗan shekara 17, daga garin Sitagira na arewa, ɗan likitan fadar Makidoniya. Shekara 20 ya yi a gaban Aflaɗon, bai tashi ba sai da malamin ya rasu a 347. Muka sami gindin wani zaitun muka zauna, na yi ƙoƙarin bayyana wa yaron abin da ake koyarwa a wurin. A wajen Aflaɗon, kyawawan abubuwa suna da kyau ne saboda sun sami rabo daga Kyau shi kansa, wanda ba ya tsufa, ba ya kwaranyewa, ba a kuma ganinsa da ido. Fure zai bushe, fuska za ta yamutse, Kyau na nan. Saboda haka abin da hannu ke taɓawa shi ne mai jingina, abin da hankali kaɗai ke kamawa shi ne majingina. Har ya kai ga cewa a saman su duka akwai Alheri, wanda ya kwatanta da rana: kamar yadda rana ke sa a ga abubuwa ta kuma sa su tsiro, haka Alheri ke ba sauran samuwarsu.

Akwai ma'aunin da ake aiki da shi a wannan lambu, kuma Arisɗo da kansa ya faɗa a babi na 11 na kashi na 5 na littafinsa na Metafizika cewa Aflaɗon ya yi amfani da shi. Abu ya gabaci wani a ɗabi'a idan zai iya samuwa ba tare da wancan ba, alhali wancan ba zai samu ba sai da shi. Ɗaya ya gabaci biyu: in akwai biyu lalle akwai ɗaya, amma samuwar ɗaya ba ta tilasta biyu. A bi wannan hanya, sai a ce "dabba" ta gabaci "doki", domin in an shafe dabba doki ya tafi, in kuwa an shafe doki akwai sauran jaki da raƙumi. Ka ga ke nan duk abin da ya fi gamewa shi ya fi zama tushe. Yaron ya gyaɗa kai ya ce wannan ai lissafi ne, babu gardama. Na ce ya bari sai gobe.

Makarantar Arisɗo, Likiyon, tana ɗaya gefen gari, a unguwar masu hali, kusa da tashar Ebangelismos, bayan gidan tarihin Rumawan Gabas. An yi ƙarnoni ba a san takamaiman wurinta ba, sai a 1996 da ake haƙa harsashin wani gidan adana zane-zane a titin Rigilis aka ci karo da ita. A 2014 aka buɗe wa jama'a. Wanda ya zo neman ginshiƙai zai koma da takaici. Abin da ya rage layukan duwatsu ne da ba su kai gwiwa ba, shatar filin kokawa da ɗakunan da ke kewaye da shi, da ragowar wurin wanka na zamanin Rumawa an yi masa rumfa. An shuka ganyaye masu ƙamshi a bakin hanyoyin. Mu biyar ne kacal a ciki da safiyar nan. A shekara ta 335 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Arisɗo ya fara koyarwa a nan, bayan ya gama tarbiyyar Iskandar ɗan Filibus sarkin Makidoniya, kuma mabiyansa ne Larabawa suka kira Mashsha'una, masu karatu suna tafe. A shekara ta 86 janar ɗin Rumawa Sulla ya sare itatuwan wannan wuri da na Akadimiya ya yi kayan yaƙi da su lokacin da ya yi wa birnin ƙawanya.

Almajirin ya kifar da ma'aunin malaminsa ba tare da ya canja shi ba. A ƙaramin littafinsa na rabe-raben samammu, wanda Larabawa ke kira Maƙulat, ya ce jauhari na farko shi ne wannan mutumin, wannan dokin, wanda za ka nuna da yatsa. Duk sauran abubuwa ko dai ana faɗarsu a kansa, kamar "mutum" da "dabba", ko kuma suna zaune a cikinsa, kamar fari da ilimi da tsawo. Sannan ya yanke hukunci: da babu jauharan farko, da babu ɗaya daga cikin sauran da zai samu. Kwashe dawakai da jakuna da raƙuma ɗaya bayan ɗaya, ka nuna mini inda "dabba" ta rage. Wannan shi ne rawanin Malam. Ishaƙa ɗan Hunainu, wanda ya rasu wajen 910 Miladiyya, ya mayar da littafin Larabci a Bagadaza, kalmar Girkanci usiya ta zama jauhar, daga nan maganar ta bi littattafan mantiƙi ta ratsa Magrib da Sahara har ta iso zaurukanmu. Sai dai a lura, malaman tauhidi sun karɓi kalmar suka ba ta wata ma'ana, ƙwayar da ba ta rabuwa, abin da Arisɗo bai yarda da shi ba sam.

Ina cikin jin daɗin wannan bayani yaron ya tsayar da ni. Ya ce, "Kawu, to ni ma a kawo mini ƙyallen da ba shi da launi ko ɗaya. In an wanke shuɗin, fari zai koma ko toka-toka. Ashe shi ma zanen bai iya zama sai da launi. Me ya sa za a ce shi ne a gaba?"

Tambayar ta shige ni, domin masana sun daɗe suna kai-kawo a kanta, kuma Malam ma ya taɓa gaya mana cewa jirmi, wato jiki, ba ya rabuwa da arali, ko motsi ko shiru. Amsar farko da na ba shi ita ce ta Arisɗo: alamar jauhari ita ce yana nan shi ɗaya yana karɓar kishiyoyi. Rawanin nan zai yi shuɗi yau, ya koɗe baɗi, yana nan rawaninsa. Shuɗin da ke jikinsa kuwa ba zai tashi ya koma kan wata riga ba. Zane na bukatar wani launi, ko wanne ne. Wannan launin na bukatar wannan zanen. Yaron ya ce ya ji, amma bambancin ya yi masa siriri. Ni ma a raina na san ma'aunin "cire ɗaya ka ga ko ɗayan zai faɗi" bai gama aikin ba.

Duwatsun da ke gabanmu ne suka ƙara tona rauninsa. Ga su nan, sun fi shekara dubu biyu, makarantar ta tafi su suna nan. In da wancan ma'auni kaɗai za a bi, dutse ya gabaci gini, gini ba ya tsayuwa sai da shi, shi kuwa ga shi kwance ba gini. Amma na nuna masa wani faffaɗan dutse a inda ake jin ƙofa ce a da, na tambaye shi sunansa. Ya ce dutse. Na ce a da fa? Ya ce dokin ƙofa. Wannan misali na Arisɗo ne: dokin ƙofa itace ne ko dutse da aka ajiye a wani matsayi, in aka ɗaga shi sama ya zama abin da ke kan ƙofa, in ƙofar ta rushe ya tashi daga zama ko ɗaya. Haka ya ce game da yatsa. Ba za ka iya faɗin mene ne yatsa ba sai ka ambaci mutum, amma za ka faɗi mene ne mutum ba ka ambaci yatsa ba, kuma yatsan gawa suna kawai ya rage masa. Har ya kai wannan magana cikin siyasa, ya ce gari ya gabaci gida da mutum ɗaya, kamar yadda jiki ya gabaci hannu, ko da yake kowa ya san gidaje aka fara ginawa kafin a yi gari. Nan na ɗan ja da baya, domin mutum ba hannu ba ne, wanda aka kora daga gari yana nan mutum. Amma kan dutsen da yatsan na sallama masa. Dutse ya riga gini ta fuskar abin da ake iya yi da shi. Gini ya riga dokin ƙofa ta fuskar abin da ya mai da shi dokin ƙofa.

Muka koma inuwa na buɗe babi na 12 na Maƙulat a wayata. Ya lissafa hanyoyi huɗu da ake cewa abu ya gabaci wani, ta zamani, ta wancan ma'auni na ɗaya da biyu, ta jeri kamar gabatarwa kafin jawabi, da ta daraja. Sai kuma ya ce da alama akwai ta biyar, kamar wanda ya tuna wani abu yana bakin ƙofa. Ga ta: in akwai mutum, maganar da ta ce "akwai mutum" gaskiya ce. In maganar gaskiya ce, akwai mutum. Ba ka samun ɗaya babu ɗaya, ma'aunin Akadimiya ya tsaya cik a tsakiyarsu. Duk da haka kowa ya san ba gaskiyar maganar ce ta samar da mutumin ba, samuwar mutumin ce ta sa maganar ta zama gaskiya. Na karanta wa yaron sau biyu. Wannan ita ce "don" ɗin da Suƙuraɗ ya riƙe a ƙofar Rumfar Sarki. A ganina wannan ta biyar, da aka sako a ƙarshe kamar gyara, ita ce uwar sauran. Zane da launi suna iya zama ba sa rabuwa har abada, amma in ka tambayi mene ne shuɗin nan, dole ka ce yanayin wannan zane ne. In ka tambayi mene ne zanen, ba za ka ce wani yanayi ne na shuɗi ba. Tambayar hanya ɗaya take bi.

Yaron ya yi shiru, can ya ce a wajen aikinsu ma haka ne: injin da farfela tare suke juyawa, daƙiƙa ɗaya, amma ba wanda zai ce farfela ce ke juya injin. Na gaya masa Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, da hannu da makulli ya yi misalin: ana cewa hannu ya motsa sai makulli ya motsa, ba a cewa makulli ya motsa sai hannu ya motsa, alhali lokacinsu ɗaya. Kuma wannan ba wasan kalmomi ba ne. Arisɗo ya tafi a kan cewa duniya ba ta da farko a zamani, amma sama da ɗabi'a duka suna rataye ne da wani Mai motsarwa wanda shi ba ya motsi. Masu falsafa a cikin Musulmi suka ɗauki wannan suka ce Mahalicci ya gabaci duniya da zati, ba da zamani ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da wannan mas'ala ya buɗe raddinsa a kansu, ya tsaya a kan cewa duniya fararriya ce. A nan ni almajirin Gazali ne, kamar yadda Malam yake. Amma kafin ka gane abin da Gazali ya ƙi, sai ka gane irin gabatar da ake magana a kai, kuma malamin wannan fili da muke zaune ne ya rarrabe ta.

Ranar ƙarshe muka hau jirgin ƙasa zuwa Kalkida, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, a tsibirin Ebiya. Nan ne garin dangin mahaifiyar Arisɗo. Da Iskandar ya mutu a 323, mutanen Atina suka juya wa duk mai alaƙa da Makidoniya baya, aka tuhumi Arisɗo da saɓa wa addinin gari, irin tuhumar da aka yi wa Suƙuraɗ. Ya bar makarantar a hannun almajirinsa Tiyofarastos ya dawo nan, ya rasu a shekara mai zuwa yana da shekara 62.

Tsakanin tsibirin da babbar ƙasa akwai mashigin ruwa da ake kira Yurifos, faɗinsa a wajen tsohuwar gada kamar mita 40 ne. Ruwan na gudu kamar kogi, sai bayan kimanin awa shida ya tsaya, ya juya ya koma inda ya fito. Mun iso yana gangarawa kudu. Muka zauna a bakin gaɓa muka sha shayi, muna jira tare da wasu masu kamun kifi. Wajen la'asar gudun ya fara sanyi. Wani guntun katako da ruwan ya kawo ya iso ƙarƙashin gadar, ya rage sauri, ya tsaya yana 'yar kewayawa wuri ɗaya. Na ƙura masa ido ina neman in kama wanda zai fara juyawa, shi ko ruwan. Ban kama ba, tare suka nufi arewa. Yaron ya taɓa kafaɗata ya ce, "Kawu, ruwan ne ya ɗauke shi." Na ce haka ne. Muka biya kuɗin shayin muka nufi tasha, don jirgin da zai mai da ni gida da asuba zai tashi.